Yadda ake zaɓen wandon tattaki mai zif a cinya, mara nauyi kuma mai ƙarko

Wandon da ake nufi a nan shi ne wanda aka kewaye kowace ƙafarsa da zif, a cinya ko a ƙasan gwiwa, yadda in ka zuge sai ƙasan ƙafar ya fita, dogon wando ya koma gajere. Masu hawan duwatsu da masu doguwar tafiyar ƙafa ne suka fi sa shi, don ɗaya yana yi musu aikin biyu, jaka kuma ta rage nauyi. Wanda ya tashi hawan duwatsun Shere na gefen Jos da asubar hunturu zai fita yana rawar ɗari, kafin azahar kuma zufa ta jiƙa shi sharkaf. Haka yanayin yake juyawa a tsaunin Mambila da duwatsun Bagzan na ƙasar Azbin. Sai dai zif ɗin da ya sa wandon ya zama abin so, nan ne kuma lagonsa yake. Da yawa daga cikin waɗanda ake jefarwa yadinsu garau yake, zif ne ya mutu. Don haka rabin aikin zaɓen a kan zif zai ƙare.

Abin da za ka riƙe in za ka kasuwa

- Tef ɗin awo irin na tela, mai inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen.
- 'Yar takarda da ka rubuta awonka a kai.
- Takalmin da za ka yi tafiyar da shi, da safar da za ka sa. Kada ka je da silifa.
- Jakar goyonka, in mai ɗamara ce a ƙugu.
- Ruwa kaɗan a gora, da waya mai fitila.
- Gajeren wando mara kauri a jikinka, don ka iya gwaji a rumfar da babu labule.
- Ƙaramin sikeli na ratayawa in kana da shi. In babu, hannu ma yana awo.

1. Fara da sanin inda za ka taka

Mafi rashin nauyi da mafi ƙarko ba sa haɗuwa a wando ɗaya, dole ɗaya ya ɗan sassauta wa ɗaya. Wurin da za ka bi shi zai raba gardamar. In hanyar ƙafa ce a fili, ga zafi, ɗauki mai shara-shara. In hawan falalen dutse ne irin na Kufena a Zariya, inda za ka riƙa ja da gindi a wurin sauka kana dafawa da gwiwa a wurin hawa, yadi mai laushi ba zai kai ka ko'ina ba, gwiwa da mazaunai za su fara hujewa. In saura ce mai ƙaya da ƙarangiya, nemi mai santsi mai matsattsiyar saƙa, domin ƙarangiya ta fi kama yadi mai gashi-gashi ko mai sakin saƙa. In kuwa sama za ka yi sosai, kamar Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka-Gumti, mai tsayin mita 2,419, ka tuna zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau. Can sai ka bar sarari a wandon da zai ɗauki wani siririn wando a ciki.

2. Auna jikinka a gida

Awo biyar ake bukata, kuma gara wani ya auna ka kana tsaye ba takalmi:

- ƙugu, daidai inda kake ɗaura wando, ba tare da ka shanye ciki ba;
- kewayen mazaunai, a inda suka fi faɗi;
- tsawon ƙafa ta ciki, daga hantsa zuwa ƙasan idon sawu;
- daga hantsa zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa;
- kewayen cinya a tsakiyarta, da kuma inci 4 sama da gwiwa.

Awo biyun ƙarshe su ne mutane ke mantawa, alhali su za su gaya maka inda zif zai faɗo da ko zai matse ka.

Lambar da ke jikin wando ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Na Amurka da Ingila sukan rubuta W32 L32, wato ƙugu inci 32, tsawon ƙafa inci 32. Wannan ƙugun a lambar Jamus yana kusa da 48, a ta Faransa kuma kusa da 42, abin da yake rikita masu saye a kasuwannin Maraɗi da Damagaram inda kayan ke zuwa a gauraye. Shimfiɗa wandon, ka sa maɓallinsa, ka auna ƙugun daga gefe zuwa gefe, ka ninka biyu. Dabarar nan ta 'yan kasuwa ta zagaya ƙugun wando a wuya tana ba da ƙiyasi ne kawai, ga mai tumbi kuma ƙarya take yi.

3. Karanta lambar yadi

Juya wandon ka nemi 'yar farar ƙyallen da aka ɗinka a gefen ciki. Abin da kake son gani shi ne Nylon ko Polyamide, duka biyun nailan ne, sunan ne ya bambanta. In an haɗa shi da Spandex ko Elastane, wato zaren roba mai miƙewa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari ya isa.

Nailan ya fi jure gogayya da dutse, kuma ga ƙarfi duk da sirantarsa. Foliyesta ta fi shi saurin bushewa kuma ta fi jure rana, amma ta fi riƙe warin zufa, ta fi saurin yin ƙulli-ƙulli a tsakanin cinyoyi. Auduga tana da daɗi a fata, sai dai in ta jiƙe ta yi nauyi, ta manne, ta ƙi bushewa, sannan ta fara kurje cinya. Wanda ruwa ya taɓa kamawa a kan dutse da wandon jins ya san zancen. Haɗin da auduga ba ta wuce kashi 30 zuwa 35 ba yana yi a lokacin rani da hunturu, kuma yana da wani amfani: tartsatsin wuta ba ya huda shi nan take kamar yadda yake huda nailan zalla.

Zaren roba in ya yi yawa yana da nasa aibun. Yana riƙe ruwa, yana jinkirta bushewa, kuma shi ne yake fara mutuwa da zafin rana da guga. Wandon da ba shi da roba ko kaɗan amma an yanka shi a wadace ya fi tsawon rai.

In lambar ta goge, kamar yadda aka saba gani a gwanjo, damƙe yadin a tafin hannu na ɗan lokaci ka saki. Auduga za ta tsaya a yamutse, nailan zai warware. In ka riga ka saya kana son tabbatarwa, zaro zare ɗaya daga bakin ɗinkin ciki, ka riƙe da filaya ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su dunƙule su zama ɗan ƙwallo mai tauri, foliyesta har da baƙin hayaƙi.

4. Gwada kauri, nauyi da saƙa

Irin wannan wando na namiji matsakaici yakan auna giram 300 zuwa 450. Wanda ya gaza 250 yawanci ya yi siriri da yawa ga daji mai ƙaya. Wanda ya haura rabin kilo ya koma sahun jins, amfanin ya tafi. In ka ga lamba da harafin D, kamar 70D, kaurin zaren ake nufi: nauyin mita 9,000 na zaren ke nan a giram. Daga 70D zuwa sama ya fi dacewa da duwatsu, ƙasa da 50D na hanya mai kyau ne.

Sannan ka yi waɗannan gwaje-gwajen, duka ba za su ci minti biyu ba. Kunna fitilar waya a bayan yadin. In ka ga layukan zare masu kauri sun gitta juna sun yi gida-gida kamar dara, wannan saƙar hana yagewa ce, in ƙaya ta huda, yagewar za ta tsaya a layi na gaba. In haske yana fitowa ta ƙofofi manya, ƙaya da sauro ma za su bi ta nan. Ɗora yadin a baki ka hura. Ya kamata iska ta wuce da ɗan ƙoƙari. In ba ta wucewa sam, ko ka ga cikin yana ƙyalli kamar leda, wandon ruwan sama ne, zai dafa ka a cikin zufarka. Ɗiga ruwa kaɗan a kan cinyar. In ya dunƙule ya gangara, maganin hana jiƙewa da aka shafa a masana'anta yana nan. In ya shige yadin ya yi duhu, ya wanke, amma wannan ba dalilin fasa saye ba ne, don ko a sabo ma 'yan wanki ne yake yi ya ragu. Daga ƙarshe ka karta yadin da farce da ɗan ƙarfi, ka gani ko zare zai taso.

Wasu suna ɗauke da alamar UPF 30 ko UPF 50. Hamsin ɗin na nufin kashi ɗaya cikin hamsin na hasken rana mai ƙona fata ne yake ratsawa. Yana da kyau, amma kowane yadi mai matsattsiyar saƙa yana kare ƙafa daidai gwargwado, kada a ƙara maka kuɗi a kansa.

5. Zif

Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma kada kunyar mai kaya ta sa ka yi gaggawa.

Duba kan zif ɗin, wato abin da ake ja. In an buga YKK, na kamfanin nan na Japan, alama ce mai kyau, duk da cewa akwai jabu a kasuwa, don haka hannu ne zai yanke hukunci. A bayan kan sau da yawa akwai lamba 3 ko 5, faɗin haƙoran ke nan a milimita in sun haɗe. Zif ɗin cinya yawanci lamba 3 ne mai haƙoran nailan da aka murɗa kamar waya, kuma shi ya fi dacewa, don yana lanƙwasa tare da ƙafa. Mai haƙoran ƙarfe yana da nauyi, yana tsatsa, yana ɗaukar zafi. Mai manyan haƙoran roba yana da tauri, kuma in haƙori ɗaya ya ɓalle shi ke nan.

Cire kowace ƙafa gaba ɗaya ka mayar, sau uku-uku. Wurin da ake fara haɗawa akwai ɗan tsinke mai tauri da ake cusawa a cikin ɗan gida, irin na jaket. Duba gindin tsinken da kyau. In ledar da ke riƙe shi ta fara tsagewa ko zare ya fara tsilli-tsilli, ajiye wandon. Kan zif da ya saki ana gyara shi, amma tsinke in ya cire sai dai a canja zif ɗin duka.

Bayan ka zuge, kama sama da ƙasa ka ja da ɗan ƙarfi kamar za ka raba su, a wuri uku ko huɗu. In haƙoran suka buɗe a bayan kan, ya riga ya gaji. Lanƙwasa wurin biyu ka sake ja, don a jiki ma a lanƙwashe zai yi aiki.

Sa yatsa ta ciki ka shafa kewayen. Dole ne a sami ƙyallen da ya rufe zif ɗin ta ciki, ya raba shi da fata. In babu, cikin kilomita biyar za ka ga jan zobe a cinyarka, in kana da gashin ƙafa kuma zai riƙa cizge shi. Ta waje ma ana son marfi da ya sauko ya rufe haƙoran, musamman a ƙasarmu, domin ƙurar hunturu da yashi su ne suke cinye kan zif ta ciki kamar zarto.

Yanzu ɗauko tef ka auna kewayen zif ɗin ka kwatanta da awon cinyarka a daidai wurin. Ya kamata ya fi cinyar da inci 2 zuwa 3. Dalili: yadi yana iya miƙewa, zif ba ya miƙewa ko kaɗan. Sai ka ga wando ya yi maka daidai a tsaye, da ka ɗaga ƙafa za ka taka dutse cinya ta kumbura, zoben ya kama ka kamar an ɗaura igiya. Masu kaurin cinya su fi kiyaye wannan, ko da zai sa su ɗauki lamba ɗaya sama su rage ƙugun a wurin tela.

Abu biyu kuma da suke rage wahala a daji. Na farko, alamar dama da hagu. Wasu kamfanoni suna sa zif ɗin ƙafa ɗaya ja, ɗayan wani launi, ko su buga L da R. Sau da yawa ƙafafun ba sa musanya, ta hagu ba za ta hau dama ba, kuma da magariba ga sauro ba lokacin cacar ƙafa ba ne. In babu alama, ɗinka ɗan jan zare a ciki a ɓangaren dama, sama da ƙasa. Na biyu, zif na tsaye a gefen ƙwauri, daga idon sawu zuwa sama. Shi yake ba ka damar zare ƙafar wandon ba tare da ka cire takalmi ba. Gwada da takalminka a nan take. In babu wannan zif ɗin kuma bakin ƙafar bai wuce takalmin ba, ka sani duk lokacin da za ka canja sai ka zauna ka kwance igiya, kuma a ƙarshe za ka daina canjawa.

6. Ina zif ɗin ya faɗo a ƙafarka?

Wurare uku ne: sama da gwiwa, kan gwiwa, ƙasa da gwiwa. Na tsakiyar ba shi da wani alheri. Duk takun da ka yi zai goga ƙoƙon gwiwa, in ka durƙusa ko ka yi sujada kuma sai ka ji kamar ka dafa tsakuwa. Yana faruwa ne ga gajeren mutum da ya sayi dogon wando da niyyar a rage masa ta ƙasa. Kalmasa tana rage tsawo amma ba ta matsar da zif. Kwatanta awonka na hantsa zuwa gwiwa da na wandon: zif ya kasance aƙalla inci 3 sama da tsakiyar ƙoƙon, ko inci 3 ƙasa da shi.

Yawancin na Turai da Amurka, irin su Silver Ridge na Columbia da Sahara na REI, in an cire ƙafar gajeren yana tsayawa sama da gwiwa. Ga Musulmin da yake kiyaye al'aura daga cibiya zuwa gwiwa wannan bai wadatar ba, kuma zai zamana kowace salla sai ya mayar da ƙafafun. Mafita ita ce mai zif a ƙasan gwiwa, wanda yake komawa tiri-kwata, ko mai zif hawa biyu, ko da yake shi ya fi nauyi kuma wuraren lalacewa sun ninka. Ko ba zancen salla ba, shiga ƙauye da guntun wando ba ya jawo wa baƙo mutunci, sai ka mayar da ƙafafun tun kafin ka hango rumbuna.

Akwai kuma dabarar da ba sai an cire ba: zuge rabin zif ɗin ta baya ko ta gefe ka bar shi a haka. Iska tana shiga, ƙwauri yana rufe. Mata masu sa shi a ƙarƙashin doguwar riga wannan kaɗai ya ishe su, kuma su awon mazaunai za su bi a zaɓe kafin na ƙugu.

7. Sa shi ka motsa

Tsayawa gaban madubi ba gwaji ba ne. Tsuguna har ƙasa: bayan ƙugun kada ya zame ya bar tsatso a waje, hantsa kada ta ja. Ɗora ƙafa ɗaya a kan benci mai tsayin gwiwa, sannan ɗayar. Zauna ka tanƙwashe ƙafa. Yi taku ashirin da sauri ka saurara, wani nailan yana ƙara shuu-shuu da zai gundure ka, ga mai son ganin namun daji kuma ya kore su tun daga nesa.

Abu biyu a yanka suke sa wando ya bi jiki. Ɗaya shi ne ƙyalle mai siffar lu'u-lu'u da ake sakawa a hantsa, maimakon ɗinki huɗu su haɗu a wuri guda. Inda huɗun suka haɗu nan ne wando yake fara ɓarkewa. Ɗayan kuma 'yan tattara ne da ake yi a gefen gwiwa, ƙafar ta fito a ɗan lanƙwashe tun daga ɗinki. Wandon da yake da waɗannan biyun ba ya bukatar roba mai yawa.

Tsawo: da takalmi, bakin ƙafar ya taɓa saman takalmin ta gaba, ta baya kuma ya tsaya inci ɗaya sama da ƙasa. Wanda ya fi haka za ka riƙa take shi da dunduniya, ya sha raɓa da taɓo.

Sai ka goya jakar ka ɗaure ɗamararta. Duk abin da ya yi tudu a ƙugu, babban maɓallin ƙarfe ne, kan bel ne, ko madaukai masu kauri, ɗamarar za ta danna shi cikin ƙashin kwankwaso na tsawon yini. Ƙugu mai laushi da siririn bel na zare wanda aka haɗo da wandon ya fi. Ka kuma tuna ƙugu yana raguwa a tafiyar kwanaki, don haka a sami abin ƙara matsewa.

8. Ɗinki da aljihu

Juya wandon gaba ɗaya. Ɗora tef a kan ɗinki ka ƙirga: ɗinki 8 zuwa 12 a inci ɗaya shi ne daidai. Hantsa da mazaunai da cikin cinya su kasance layi biyu, bakin yadin a naɗe ko a daje. Bakin aljihu da gindin madaukan bel su kasance da ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka maimaita. Ja ɗinkin mazaunai gefe da gefe a gaban haske, in ka ga ramukan allura suna buɗewa, ba zai daɗe ba.

Aljihu ɗaya mai zif wanda wayarka za ta shiga ya fi shida marasa marfi. Aljihun cinya ya kasance sama da zif ɗin rabuwa, kuma kada ya yi zurfin da waya za ta riƙa dukan gwiwa. Aljihun raga yana saurin zubar da ruwa in ka ƙetare rafi, amma makulli yana huda shi. Manne mai ƙaiƙayi da ake rufe aljihu da shi kuwa, ciyawa da ƙarangiya suke cika shi ya daina kamawa.

9. Launi

Ruwan ƙasa mai haske, ruwan toka, ko kalar yashi. Ba sa ɗaukar zafi kamar baƙi, kuma kaska tana fitowa fili a kansu tun kafin ta kai fata. Guji baƙi da shuɗi mai duhu a dazuzzukan da ke da ƙudan tsando, irin Yankari da Gashaka. Waɗannan launuka biyu suke ja shi, shi ya sa ma tarkonsa da su ake yi, kuma yana iya cizo ta cikin siririn yadi da ya manne a fata. Mai zanen kakin soja kuwa, ko kyauta aka ba ka bar shi a gida. A Najeriya an hana farar hula sa shi, kuma a shingen bincike ba za ka so dogon bayani ba.

10. In gwanjo ne, ko ta intanet

A Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna ko Katako a Jos ana dacewa da na kamfanoni masu kyau a farashi mai sauƙi, musamman ranar da aka fasa dila. Sai dai a ƙara duba abu huɗu. Ƙafafun biyu na wandon ne, ko an haɗo daga wani? Launin sama da na ƙasa ɗaya ne? Sau da yawa mai shi na farko ya fi sa gajeren, sai saman ya koɗe ƙasan yana sabo. Akwai 'yan fararen gashi da suka tsattsago daga yadin, ko gwiwa ta yi jaka ba ta komawa? Robar ta mutu. Sannan haska tsakanin cinyoyi da mazaunai, nan yadi yake fara sirancewa kafin ya huje.

In ta intanet ne, kada ka saya da S, M ko L kawai. Nemi mai sayarwa ya shimfiɗa wandon ya ɗora tef ya turo hoton ƙugu, faɗin zif ɗin cinya, da tsawon hantsa zuwa zif. Ka kuma tabbatar ana karɓar mayarwa kafin ka tura kuɗi.

11. In ba ka samu ba, tela zai yi

Sayi wandon nailan mai faɗin ƙafa wanda ya fi tsawon ƙafarka da inci 2, domin ɗinkin zai ci tsawo. Sayi zif biyu masu rabuwa irin na jaket, masu haƙoran nailan. Zif ɗin siket ko na gaban wando ba zai yi ba, tunda ƙasansa a haɗe yake. Sa wandon, a yi alama da alli a inda kake so, a auna kewayen wandon a wurin, tsawon zif ke nan, yawanci inci 18 zuwa 22. In zif ya yi tsawo ta sama ake rage shi, ba ta wajen tsinken ba, sannan a ɗinke ƙarshen don kan kada ya fice.

Gaya wa telan ya sa mafarin zif ɗin a gefen waje, don ɗan gidan mai tauri kada ya riƙa gogar ɗaya cinyar. Ya bar marfi na inci ɗaya ta waje, ya sa ƙyalle mai laushi ta ciki. Ya yi amfani da siririyar allura da zaren foliyesta, ya daje bakin yankan nan take, domin nailan yana warwarewa da sauri. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan yadi lokacin ɗinki, sai zif ya fito yana igiyar ruwa. A fara kama shi da ɗinkin hannu, ka gwada, sannan a hau keke.

Wanda bai son zif sam, a sa masa maɗauri da maɓalli a cikin ƙafar, ya riƙa naɗe wandon zuwa ƙasan gwiwa yana maƙalewa. Ba ya kai na zif shan iska, amma babu abin lalacewa, kuma yana da sauƙi wajen alwala.

12. Kafin tafiya, da kuma kula da shi

Kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka sa shi. Wanke shi, ka yi tafiyar awa biyu da jaka a baya, ko hawa da saukar Dala sau biyu in a Kano kake. Duk inda ya yi ja a fata, gyara tun a gida.

A wanke shi da ƙafafun a haɗe, zif a zuge, ko da saman kawai ya yi datti, don su koɗe tare. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Ban da bilic, yana kashe roba. Ban da dutsen guga na gawayi, taɓawa ɗaya zai narkar da shi. A shanya a inuwa, rana tana raunana nailan a hankali. A wurin kwana kuma ka ja baya daga wuta, tartsatsi ɗaya rami ɗaya ne.

Zif in ya fara tauri, goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori da ruwa, in ya bushe ka goga masa kyandir sama-sama. Kada ka sa man keke ko man gyaɗa, ƙura suke tarawa. In ya fara buɗewa a bayan kan, kai kan mafari ka ɗan matse bayansa da filaya, gefe ɗaya sannan ɗayan, kaɗan-kaɗan kana gwadawa, don in ka danne da yawa zai fashe.

In za ka shiga wurin kaska da sauro, ana fesa wa tufafi maganin ƙwari famatirin (permethrin) mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari wanda aka yi don tufafi. A fesa a waje, ba a jiki ba, a bari ya bushe sarai, a kuma nisanta shi da kyanwa yana jiƙe don yana yi mata illa. Maganin feshin gona ko fiya-fiya bai halatta a kan abin da zai taɓa fata ba. A cikin doguwar ciyawa mayar da ƙafafun ka cusa bakinsu a safa. Wannan yana tare kaska, amma siririn nailan ba ya tare haƙorin kububuwa, aikin takalmi mai tsawo da kallon inda ake takawa ne.

Ƙafafun da ka cire, naɗe su tare ka cusa a aljihu guda na jaka, kullum wuri ɗaya, kada ka rataya su a waje reshe ya ɗauke. A cikin wannan aljihun ka ajiye allura da aka riga aka zura wa zare, da fil mai kulle guda shida. In zif ya mutu a tsakiyar daji, fil huɗu a kewayen cinya, gaba da baya da gefe biyu, za su riƙe ƙafar har ka sauko.